Layi na Huɗu a Dutsen Makaranta

Ku ɗaliban nan 'yan unguwar Madinat Nasr kuna ba ni dariya. Ranar Juma'ar da ta wuce wani cikinku, ɗan Kano mai gilashi, ya tsaya a ƙofar warshata, wato shagon aikina, yana kallona ina sarar dutse, can ya ce, "Baba, ai wannan in an koya mini sati biyu na iya, tunda na iya rubutun allo." Na miƙa masa kurfi da guduma da wani guntun dutse da na yar, na ce ya fitar mini da alif ɗaya tak. Alif fa, miƙaƙƙen sanda, ba lanƙwasa ba ɗigo. Ya buga sau uku, a na huɗu dutsen ya rabe biyu, ya kuma daki babban yatsansa. To tunda yau kun dawo da yawanku kun ce in ba ku labarin sana'ar, ku zauna, amma kada wanda ya jingina da wancan allon, na mutane ne.

Ni haifaffen Gadarif ne, can Sudan. Kakanninmu daga ƙasar Katsina suka taso za su Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare a hanya, suka zauna noman dawa, shi ke nan aka haife mu a can. Na shigo Alƙahira ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban iya komai ba sai ɗaukar kaya, kuma ɗaukar kayan ne ya kai ni Basatin, inda ake yanka farin dutsen nan da Misirawa ke kira rukam. A nan na faɗa hannun Usta Milad, usta kuwa shi ne maigida a sana'a. Kirista ne, mutumin kudancin Masar, gajere, mai faɗan tsiya, kofin shayi ba ya rabuwa da hannunsa. Da safe ya sara gicciye, da yamma ya sara ayar Alƙur'ani, malamai kan zo su tsaya suna kallon rubutunsa suna girgiza kai. Shekara biyu cur bai bar ni na ɗora kurfi a kan dutsen mutane ba. Aikina wasa kurfi, ɗebo ruwa, da gugar dutse har fatar yatsuna ta ƙare. In na yi ƙorafi sai ya nuna mini ƙofa ya ce ana neman masu ɗaukar kaya a waje.

Abin da ya fara koya mini sauraro ne. Sai ya jingine allon dutse, ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, ya ce me na ji. Lafiyayyen dutse ƙararsa tana da zaƙi, tana ɗan daɗewa a kunne. Wanda ke da tsaga a ciki, ko da fuskarsa sumul take, amsarsa gajeriya ce, kamar ka buga fasasshiyar ƙwarya. In ka sara a kan irin wannan, sai ka kai rabin aiki zai dare maka. Bayan sauraro sai alƙalami. Da alƙalamin kara ake rubuta sunan a takarda daidai girman da za a sara, a bi gefen haruffan da allura ana hudawa, a shimfiɗa takardar a kan dutsen, a bubbuga garin gawayi da aka ƙulle a tsumma. In ka ɗaga takardar sai ka ga sunan ya fito ɗigo-ɗigo. Sannan ne kurfi zai shigo, azmil in ji Misirawa. Uku ne nawa, ga su nan: mai faɗin baki na miƙaƙƙen layi, mai tsini na lanƙwasa, da wannan ɗan siririn na ɗigo. Siririn na Usta ne, ya girmi iyayenku.

Aikin farko da na yi ni kaɗai dutsen kabari ne, kuma shi ne ya kusa korata daga sana'ar. Wani mai shagon kayan miya ya zo Usta ba ya nan, ya ba ni takarda da sunaye biyu a jiki, ya ce mahaifinsa ne ya rasu, yana sauri, ya tafi. Ni da rawar kai ban tambaya ba, na ɗauki sunan da ke sama na sara shi, na ƙawata, na cika da baƙin fenti, ina jiran yabo. Ashe na saman sunan mai odar ne, na ƙasan ne mamacin. Mutumin ya dawo ya tarar da sunansa a dutse, ga "marigayi" a gaba, ga addu'ar neman rahama a baya. Ya zauna a ƙasa daɓas, sai da aka yayyafa masa ruwa. Usta bai dake ni ba, gara ma a ce dukan ya yi. Ya ba ni dutsen guga ya ce in shafe sunan da hannu, kwana tara ina yi. Da na gama ya ce, "Takarda ba ta san wanda ya mutu ba. Daga yau kada ka sara sunan mamaci sai ka ji shi daga bakin mutanen gidansa." Shekara talatin da wani abu ina riƙe da wannan dokar, sau ɗaya kawai na lanƙwasa ta.

Akwai shekarar da ba na son tunawa. Usta ya rasu a farkonta, kafin ta ƙare injunan kwamfuta suka cika Shaƙƙut Tu'uban, can inda manyan masu yankan dutse suke. Abin da nake kwana uku ina yi, inji ya fitar da shi kafin ka shanye kofin shayi. Masu zuwa wurinmu suka ɗauke ƙafa ɗif. Wata shida ban sara harafi ko ɗaya ba. Na koma yankan matakalar bene da teburin kicin a warshar wani da muka taso tare a hannun Usta, ƙura ta shige mini ƙirji, tarin da kuke ji ina yi daga can na samo shi. Matata ta ce mu koma Gadarif, na ce ta ƙara haƙuri. Ban ce inji mugu ba ne, yana da sauri, layinsa kuma a miƙe yake. Amma zurfinsa ɗaya ne daga kan harafi zuwa ƙarshensa, hannu kuwa yana nutsewa a ciki ya taso a wutsiya, shi ya sa in rana ta bugi rubutun hannu yake yin inuwa. Da sannu waɗanda suka san wannan suka dawo, ba su da yawa, amma sun ishe ni cin abinci.

Aikin da nake son ku ji ya zo ne ta dalilin hannun Usta. Wata tsohuwar makarantar sakandare ta maza ce, ba nisa da Hadayik el-Ma'adi inda nake zaune. A bangon farfajiyarta, kusa da sandar tuta, akwai allon rukam da Usta ya sara tun kafin in zo ƙasar nan, da sunayen tsofaffin ɗaliban makarantar da suka tafi yaƙi a bakin mashigin Suwes ba su dawo ba. Musulmi da Kirista a jere, ba a raba ba. Kowace shekara a watan Oktoba ana tara yara a gaban allon, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, iyalan da suka rage su zo su zauna a kujeru. Sai ga shi a 'yan shekarun nan an sake samun wasu tsofaffin ɗalibai sun faɗi a Sina'i suna aikin soja. Shugaban makarantar, nazir suke ce masa, ya so a ƙara sunayensu a ƙasan na da. Ya kira masu inji, suka ce sai an ɓamɓaro allon an kai musu, kuma in ya fashe ba ruwansu. Sai wani ya ce masa ai wanda ya koya a hannun mai allon yana nan da ransa a Basatin.

Na je na ƙwanƙwasa allon. Daga tsakiya zuwa ƙasa lafiya lau, amma a kusurwar sama ya amsa mini gajere, na ce wa nazir in aka cire shi daga bango a buhu za a kwashe shi. A nan inda yake zan sara, a tsaye, ranakun Juma'a da Asabar da ba yara. Na auna filin da Usta ya bari a ƙasa. In aka bi girman rubutunsa da tazarar da ya saba bari tsakanin layi da layi, layi huɗu zai ɗauka, ba ƙari. Sunayen da ke takardar nazir kuwa huɗu ne cif. Na ce tamam, amma ina da sharaɗi, sai na ji kowane suna daga bakin mutanen gidansu. Ya ce ai shi ma ya aika musu su zo, domin rajistar waɗannan shekarun famfo ya fashe ya jiƙa ta a ɗakin ajiya, sunayen daga bakin wani tsohon malami aka samo su. Shi kuwa nazir sabon zuwa ne, bai san yaran ba.

Ranar Talata suka zo ofishinsa, ina zaune a gefe. Gida uku suka shigo bi da bi, kowa da takardar soja a hannu, kowa ya faɗi sunan ɗansa, wata uwar ma sau uku ta faɗa tana kuka. Ta huɗu ta shigo ita kaɗai, baƙar mace doguwa, za ta haura hamsin, sanye da tob, lulluɓin nan na matan Sudan. Ba takarda a hannunta, sai hoton wani saurayi cikin kakin soja. Nazir ya tambaye ta sunan ɗanta. Ta sunkuyar da kai ta ce da Larabci, yaron ne, ga hotonsa. Ya sake tambaya, ta ce shi ne babba a ɗakinta. Ya tambaya karo na uku yana ɗaga murya, ta ja bakin tob ta rufe fuska ta yi shiru. Nazir ya dube ni ya dubi hoton, ya ce a duniya akwai uwar da ba ta san sunan ɗanta ba? Ya ce an taɓa zuwar masa da irin wannan, mutum ya tsinci hoto ya zo neman abin da ake ba iyalan waɗanda suka faɗi. Ya ɗauki biro ya ja layi a kan suna na huɗu, ya ce mata ma'alish, wato ta yi haƙuri, ta tafi ta zo da hujja.

Ni kaina a lokacin ban gane ba, kun ji abin kunya. Daɗewa cikin Misirawa ta sa na manta gida. Sai da ta zo wucewa ta gabana na ji ta ce ƙasa-ƙasa, da Hausa, "Ina zan iya, ni Hauwa'u." Na bi ta har bakin ƙofar makaranta, na ce, "Hajja, sannu da ƙoƙari. Ɗan fari ne?" Ta tsaya cak, ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa, uban mijinta. Ku da kuka zo daga gida kun san wannan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace kuma ba ta kiran sunan suruki, ita ga su duka biyun a kan suna ɗaya. Matar da aka yi wa tarbiyya irin ta da, ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta furta shi ba, balle a gaban wani namiji a ofis.

Muka zauna a kan dakalin bawwab, wato mai gadin ƙofa, ta ba ni labari. 'Yar Maiwurno ce, garin Hausawa a Sudan. Mijinta jikan mahajjata ne irina, amma su a Aswan ta kudancin Masar suka tsaya, a can aka haife shi, takardarsa ta Masar ce, shi ya sa da yaron ya gama makaranta aka kira shi soja kamar kowa. Bayan an kawo labarin yaron, uban bai cika shekara ba ya bi shi. Ƙanen yaron yana Libiya neman abinci, takardun duka suna hannun ƙanen mijinta a Aswan. Na ce mata, "Hajja, ni zan faɗa. In shi ne ki yi shiru, in na kuskure ki ce a'a." Na faɗi sunan da na gani a takardar nazir, na ce Sulaiman Adam Sulaiman. Ba ta ce komai ba, hawaye ne kawai suka sauko. Wannan ce lanƙwasawar da na yi wa dokar Usta, na karɓi shiru a madadin baki. Na san da yana raye zai zage ni tas, sannan ya ce in ci gaba.

Na koma wurin nazir na yi masa bayanin al'adar. Ba mugun mutum ba ne, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Ya yi dariya ya ce bai taɓa jin haka ba, kuma shi ba zai sa suna a bangon gwamnati da labarin baki ba. Biki saura sati biyu. Ya ce in sara uku, in ƙara musu girma, in baje su su cika filin, don kada manyan baƙi su ga gurbi a ƙasa su fara tambaya. To a nan maganar take, ku masu koyon sana'a a sati biyu. In na baje uku suka cika filin, khalas, an rufe ƙofa. Ko gobe takarda ta zo da hatimin kowa da kowa, ba inda za a sa yaron nan, domin ba a matsar da layi a dutse. Na kira ƙanen mijin a waya, ya ce zai nemo takardun ya ba wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya kawo, amma bai san ranar ba.

Ranar Juma'a na zo da takarduna a hude. Iri biyu na rubuta a gida, ɗaya yadda nazir ke so, ɗaya da girman Usta. Na daɗe a tsaye gaban allon, ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. In na saɓa masa zai iya korata, maganarsa kuma za ta zaga sauran makarantu, su ne kuwa rabin masu ba ni aiki. Na manna ta biyun. Sara a tsaye ba kamar sara a kwance ba ne, ƙura a ido take sauka, kafaɗa tana mutuwa, kowane bugu kuma sai na sassauta shi saboda tsagar da ke sama. Kwana biyu na yi na fitar da suna uku, na bar gurbin layi ɗaya a ƙasa fari fat. Ranar Lahadi nazir ya gani, ya yi ta faɗa har malamai suka leƙo daga aji. Ya ce wa ya ba ni izini. Na ce masa rubutun ƙasa dole ya bi na sama, in ba haka ba duk mai ido zai ga faci ne. Wannan gaskiya ce, sai dai ba ita ce ta sa ni ba, shi ma ya sani. Ya ce in takarda ba ta zo kafin biki ba, zai sa a manna farantin tagulla da sunan makaranta a gurbin, kuma kada in sake taka masa ƙofa.

Ranar Alhamis da la'asar takardun suka iso, a ƙunshe cikin leda, ta soja da ta haihuwa. Na kai masa da kaina. Ya karanta sau biyu, ya ga sunan yaron, ya ga sunan uwar. Ya cire gilashi ya goge, ya tambaye ni da gaske tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Na ce da gaske. Ya ce to da me take kiransa. Na ce "kai", ko "yaron nan". Sai ya ce in gaya mata yana roƙon ta yafe masa, kujerarta a layin gaba take ranar biki. Sannan ya kira bawwab ya ce gobe a buɗe mini ƙofa.

Washegari tun da safe na fara layi na huɗu. Ban ce mata ta zo ba, amma na tarar da ita a bakin ƙofa da 'yar tabarmarta da flas ɗin shayi. Ba kowa a makarantar sai mu da bawwab, yana can kan dakalinsa yana jin rediyo. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar bango, ta kau da fuska daga allon, ina sara tana jan carbi. Harafin farko ya ba ni wuya, haƙoransa uku ne kusa da kusa, dutsen kuma ya tsufa, in ka matsa sai tsakaninsu ya ɓare. Bayan na dawo daga masallaci ta zuba mini shayi, sannan ta yi maganar da ban tambaye ta ba. Ta ce yana aji uku na firamare ya taɓa samunta a kicin, ya ce abokansa iyayensu mata suna leƙowa ta taga su ƙwala musu kira duk layi na ji, shi me ya yi mata da ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri, ba a tambayar wannan. A nan aka haife shi, Malam, wa zai gaya masa kunya ce ba ƙi ba? Na ɗauka in ya girma zai gane." Na ce Allah ya jiƙansa, na hau benci na ci gaba.

Na gama bayan la'asar. Na hure ƙurar, na cika haruffan da baƙin fenti, na goge abin da ya ɓata. Layi huɗun suka zauna a ƙarƙashin na Usta, in ba an gaya maka ba ba za ka raba hannu biyun ba, wannan kam na yi alfahari da shi. Ta taso ta tambaye ni wanne ne, don karatunta bai wuce na salla ba. Na nuna mata na ƙarshe, na ce kada ta taɓa, fenti bai bushe ba. Na koma gefe na ba ta baya, na durƙusa ina naɗe kurfina a tsumma.

Sai na ji ta ce, "Sulaiman." A hankali ta faɗe shi. Ban ɗago ba, ba da ni ake ba. Sannan ta sake, wannan karon da ƙarfi, ta ja ƙarshen sunan har ya cika farfajiyar. Bawwab ya rage rediyo, ya leƙo yana dube-dube, ya tambaye ni wane yaro ne ya shigo masa makaranta ranar Juma'a.